Bohol uku a ƙauye ɗaya, guda ɗaya ke ba da ruwa

Mutane da yawa in an ce Abuja, Maitama da Asokoro da Wuse suke gani a ransu. Toh amma Abujar nan ƙananan hukumomi shida gare ta, AMAC da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, mazaɓu 62, kuma in ka bar babban titi ka faɗa hanyar ƙasa wallahi za ka tarar da ƙauyukan da ba su da maraba da na ko ina a Arewa. Ƙauyen kakannina na wajen uwa yana cikinsu. Hausawa ne da Gwarawa zaune tare tun kafin 1976 da aka yanki wurin aka ce nan ne zai zama babban birnin tarayya, ga Fulani a rugage ta bayan rafi. Ba zan faɗi sunansa ko na ƙaramar hukumar ba, don abun da zan faɗa ba na wuri ɗaya ba ne.

Ni nake riƙe da littafin kuɗi na kwamitin ruwa na ƙauyen, duk da aikina a cikin gari yake, kuma abun da littafin nan ya nuna min shi ne matsalarmu ta gyara ce. Bohol uku gare mu. Ɗaya ɗan majalisa ne ya haƙa, ɗaya ƙaramar hukuma, ɗaya kuma wata ƙungiyar agaji. Kowanne da allonsa na ƙarfe an rubuta sunan wanda ya kawo da shekarar da aka yi. Na ɗan majalisan mai sola ne, da tankinsa a sama, ranar buɗewa har da maroƙa. Sumo ɗin, wato injin da ke can ƙasa yana turo ruwa sama, ya ƙone, shi ke nan, yanzu awaki ne ke kwana a inuwar tankin. Na ƙaramar hukuman famfon tuƙa-tuƙa ne, sandunan cikinsa sun ci tsatsa sun tsinke sun faɗa ƙasa. Wanda ya rage shi ne na ƙungiyar agajin, kuma ba don ya fi sauran inganci ba ne, su dai kafin su tafi sai da suka sa aka kafa kwamiti, suka koya wa wani yaro mai gyaran babur yadda ake kwance kan famfon, suka bar masa akwatin sifanu.

Na tsaya a kansa wata rana yana aiki. Maza huɗu ne ke jan bututun sama ɗaya bayan ɗaya, ana kwance kowanne ana jera shi a kan buhu kar ƙasa ta shiga, har aka iso silindar da ke can ƙasa. Ya buɗe, ya zaro wata roba zagayayya da ba ta kai tafin hannu ba, gefenta duk ya cinye. Ya ce min "Yaya, wannan ce ta hana mu ruwa." Mata sun yi kwanaki suna zuwa rafi da asuba, wurin da shanu ke sha, saboda robar nan. Kuɗinta bai kai na kwanon shinkafa biyu ba, amma sai an hau mota an shigo gari kafin a same ta.

Yadda muke yi, kowane gida na ba da wani abu kaɗan duk wata, Fulani kuma da yake suna zuwa da jarkoki da yawa nasu daban ne, kuma su suka fi kowa biya a kan lokaci. Kuɗin yana hannun wata dattijuwa Bagwariya mai sayar da doya, ni nawa rubutu ne kawai. Bayan kaka sai a taru a ƙofar gidan dagaci in karanto abun da ya shigo da abun da ya fita, da Hausa, wani ya maimaita da Gwaranci. Akwai masu ƙin biya, akwai masu cewa ai ruwa na Allah ne, haka ne kuwa, sai dai robar ba a ba da ita kyauta. Amma tunda kowa na jin lissafin da kunnensa rigimar ba ta yin nisa.

Toh abun da ke cina shi ne wannan ai aikin hukuma ne muke yi. Duk wanda ya buɗe jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 zai ga an jera ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwa, tashar mota, mahauta, makabarta, bandakin jama'a, hanyoyi da magudanan ruwa, kwashe shara, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan da hannunta a makarantar firamare da kiwon lafiya da noma. Duka abubuwa ne na kusa da mutum, na yau da gobe. Kuma kuɗi na zuwa, kashi 20.6 cikin ɗari na asusun tarayya na ƙananan hukumomi 774 ne, tun bayan cire tallafin mai a 2023 ma abun da ake rabawa ya ƙaru sosai. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye, gwamnoni su daina riƙewa a asusun haɗin gwiwa, a kuma daina naɗa kantomomi. Na ji daɗin hukuncin nan ƙwarai, ko da yake aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa. Amma mu a nan Abuja ba mu da gwamna, kuma ciyamominmu da kansilolinmu INEC ce da kanta ke yin zaɓensu, ba hukumar zaɓen jiha ba kamar sauran wurare. Duk da haka a 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja suka yi sama da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, yaran ƙauyenmu suka koma gona da talla, wasu 'yan matan ma ba su sake komawa aji ba. Kenan ko kuɗin ya iso hannun ciyaman, sai an bi an ga inda ya sa shi.

Hanyarmu ma haka take. Kwalbati ɗaya ce ta haɗa mu da titi, ruwan Agusta ya cinye gefenta, mai ɗaukar doya ya daina shigowa sai ya tsaya a tsallake a riƙa kai masa a ka ko a babur, kuma kuɗin dakon nan daga jikin manomi ake cirewa. Da a ce kafin damina an turo gireda ta bi hanyar sau ɗaya an kuma yashe bakin kwalbatin da ba a kai nan ba. Matasa sun yi aikin gayya sun jera duwatsu da buhunan yashi, Allah Ya saka musu, amma buhun yashi ba ya tare ruwan Agusta. Ranar kasuwa kuwa masu yankan tikiti ba sa fashi, ko mai tallan gyaɗa sai ta biya, rasit ɗin ma wani lokacin ba hatimi.

Mun je wajen kansila ni da Kawu, ƙanin mahaifiyata, shi ne mai unguwa. Mutumin ya karɓe mu da mutunci gaskiya. Kawu ya ce "Honarabul, ba sabon abu muka zo roƙo ba, biyun nan da suka mutu muke so a tayar." Ya ce "Baba, wallahi in na kai maganar sabon bohol za ta fi saurin shiga kasafi a kan maganar gyara." Kuma na yarda da shi. Sabon aiki akwai kwangila, akwai allo, akwai hoton da za a sa a Facebook. Gyara ba wanda zai ɗau hoton roba. Shi ya sa za ka ga ƙauye da bohol biyar matattu ana shirin haƙa na shida.

Asibitin sha-ka-tafi ɗinmu ginin na nan da fentinsa. Ma'aikaciya ɗaya ce, tana iya ƙoƙarinta, amma ba ta kwana don ba ɗakin kwana ba ruwa, in naƙuda ta zo da dare sai ungozoma ko a ɗora mace a babur a tsallaka da ita ta kan wancan kwalbatin. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, sai dai tsarin ya fi karkata ga asibiti ɗaya a kowace mazaɓa, mu kuma ba mu ne hedkwatar mazaɓa ba.

Abun da nake so a yi ba mai tsada ba ne. Kowace mazaɓa a ɗauki makaniken famfo ɗaya a ba shi albashi da babur. A ajiye kayan gyara a sakatariya, roba da sanduna da sumo ko biyu, kwamiti ya zo ya saya a farashin gwamnati da rasit. Kafin a ba da kwangilar sabon bohol a fara ƙirga matattun da ke ƙauyen. Sannan kasafin ƙaramar hukuma a manna shi a bangon makarantar firamare yadda mu ma muke karanta namu a ƙofar dagaci, kowa ya ga nawa aka ware wa mazaɓarsa.

Mun rubuta takarda kan bohol biyun, dagaci ya sa hannu, limamin Juma'a da faston cocin su ma sun sa, an ba kansila kwafi ɗaya an kai ɗaya sakatariya. Kafin a ji daga gare su kwamiti ya yanke shawarar bayan an sayar da doyar bana za mu yi karo-karo mu ɗauko masu ƙugiya su gwada ciro sandunan da suka faɗa cikin na tuƙa-tuƙan. In akwai ɗan ƙauyen da ke zaune a Kubwa ko Nyanya ko Gwagwalada yana karanta wannan, ya nemi Kawu kafin ƙarshen kaka.