Ranar da hannuna ya sandare a Leipzig

Mutum goma sha ɗaya ne a falon malamar da ke koya mini fiyano ranar, na ƙirga su tun kafin a kira sunana. Ɗalibanta ne da iyayensu, ni kaɗai ce babba a cikin masu kiɗan, ni kaɗai ce baƙuwa. Wata uku ina maimaita ɗan gajeren kiɗan nan. Na zauna gaban fiyano, na fara lafiya lau. Ban kai rabi ba hannuna na dama ya sandare kamar itace. Na danna, sautin ya fito a karye, na sake dannawa, sai na tsaya cak. Wani yaro ya juya ya kalli mahaifiyarsa. Na tashi na ɗauki rigar sanyina na fita ba sallama, ina kuka a jirgi har ƙofar ɗakina.

Shekarata biyu a Jamus, ina aikin kula da tsofaffi. Kaɗaici ne ya kai ni koyon fiyano. A watan Disamba ƙarfe huɗu na yamma duhu ya fara shiga garin nan, ga dare mai tsawo, ba abokin hira.

Sai da na yi mako biyu kafin na iya komawa wurinta. Ba ta ɗauko zancen ba. Ta ce in zauna in ajiye hannuwana a cinya, ta zagayo ta bayana ta dafa kafaɗuna biyu. Ta ce tun ranar da na fara zuwa kafaɗun nan suna maƙale kusa da kunnuwana, muƙamuƙina a cije, kuma duk inda kiɗa ya yi wuya nakan riƙe numfashi. Wallahi ban taɓa sani ba.

Ta nuna mini cewa madannin fiyano nauyin giram 50 ko kusa da haka yake buƙata ya sauka, zurfinsa kuma kusan santimita ɗaya ne. Kafin ya kai ƙasa ɗan gudumar da ke ciki ya riga ya kuɓuce ya nufi wayar ƙarfen da ke ba da sauti, duk ƙarfin da mutum ya ƙara bayan nan asara ce, jikinsa kawai yake wahalarwa. Manyan tsokokin da ke lanƙwasa yatsu ma ba a yatsun suke ba, suna tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, jijiyoyinsu kuma ta wata ƴar matsattsiyar hanya suke bi a wuyan hannu. In ka ƙage wurin, ka matse su ke nan. Daga nan zugin da nake kwana da shi yake fitowa, ni kuwa ina ɗora laifin a kan ɗaga tsofaffi.

Sai ta tallabi hannuna ta ce in sakar mata nauyinsa duka. Na kasa. Ta zare tafinta, hannuna ya tsaya a sama shi kaɗai maimakon ya faɗo. Muka sake, muka sake, ya fi sau goma. Wannan ya fi abin falon yi mini ciwo: tsohuwa tana roƙona in bar ta ta riƙe mini hannu na daƙiƙa biyu, jikina ya ƙi yarda da ita.

Ta gyara tsayin kujera har gwiwar hannuna ta daidaita da madannai. Ta ce in riƙa fitar da numfashi daidai inda nake jin tsoro, in yi kiɗan a hankali sosai, in tashi in miƙe jiki kafin gajiya ta zo, kuma da na ji zafi in tsaya. Ta tuna mini da Robert Schumann, shahararren mai tsara kiɗa Bajamushe, wanda a garin nan ya lalata yatsan hannunsa na dama wajen 1832, dole ya haƙura da burin zama makaɗin dandali ya koma tsara kiɗa.

Tun daga ranar nake kama kaina. A layin ofishin baƙi kafaɗuna suna sama. In an yi mini Jamusanci da sauri ban gane ba, haƙorana a cije. Yanzu ina kai kiɗan nan ƙarshe ba tsayawa, kuma ina alfahari da hakan, ni da na zo ƙasar nan ban san madannan 88 ne ba.

Inna ce kawai take gane irin wannan ba tare da an faɗa mata ba. Ina yarinya, wuyana take dafawa ta ce, "Auta, me ya ɗaure ki?" Ran Lahadi na kira ta, ban gama gaisuwa ba ta ce muryata ta saki. Na ce, "Inna, ku saurara," na ɗora wayar a kan fiyanon wurin aiki na yi mata kiɗan. Ta yi shiru, sannan ta ce in ƙara. Da na tambayi gwiwarta ta ce da sauƙi, amma Yaya ya turo mini saƙo da dare cewa ba ta iya tashi sai an kama ta, kuma ta hana a gaya mini. Ran Alhamis zai kai ta asibiti. Ni kuma ranar ina aikin safe, ba a barin waya a aljihu.