Darussan da muka koya wajen gasa bodin motar rimot a gida

Yawancin masu son yi wa motar wasa mai rimot bodi da hannunsu sukan fara da tambayar wane inji ne ya fi ƙarfin zuƙar iska. Aikin ya nuna mana cewa ba nan gizo yake saƙa ba. Abubuwa biyu ne suke yanke hukunci: samfurin motar da za a lulluɓe da roba, da yadda aka gasa robar. Zuƙa tana zuwa ne a matsayi na uku.

Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Ana ɗaure fallen roba a firam, a gasa shi har ya yi laushi, a kifa shi a kan samfurin mota da ke zaune kan akwati mai huji-huji, sannan a zuƙe iskar da ke ƙasa. Iskar da ke sama ce take danna robar ta manne wa samfurin, kuma nauyinta ya kai kusan kilo 1 a kan kowace murabba'in santimita. Akwati mai santimita 40 da 60 zai iya ɗaukar sama da tan 2 idan aka zuƙe iskarsa sarai, shi ya sa ake yin sa da filawud mai kauri, a sa masa tokare daga ciki. Kada ya yi zurfi, santimita 3 zuwa 5 ya isa, don duk iskar da ke cikinsa sai an kwashe ta kafin robar ta fara kwanciya. A saman akwatin, a yi huji mai milimita 3 bayan kowace santimita 2.5.

Kafin a yanka katako ko ɗaya, a auna obin ɗin da za a gasa robar a ciki. Bodin mota mai ma'aunin 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske, yana da faɗin milimita 190 zuwa 200, tsawonsa ya haura santimita 40, kuma dole a bar wa fallen rara ta kowane gefe. Irin wannan falle ba ya shiga yawancin obin na kicin. Ko dai a fara da ƙananan motoci irin 1/18 da 1/24, ko a haɗa akwatin gashi na musamman da wayoyin hita. Ko ma wanne aka zaɓa, obin ɗin da ake gasa abinci a ciki ba wurin roba ba ne, kuma kada a kusanci robar PVC, domin idan ta ƙone hayaƙinta yana cin huhu.

Samfuri shi ne rabin aikin, tun ran gini ran zane. Roba mai zafi ba ta rufa wa kowa asiri: sawun samfefa, zaren katako, ko ƙwayar yashi ɗaya, duk za su fito a jikin bodin. Ana sassaƙa shi da katakon MDF da aka manna hawa-hawa, a cike ramuka da filar masu gyaran bodin mota, a goge har ya yi sumul. Wanda aka zuba da POP yana aiki, amma sai ya bushe ƙarau, in ba haka ba tururi zai tashi ya ɓata fallen, kuma gefunansa suna fara gutsurewa bayan 'yan bugu. Wanda aka buga da injin 3D da robar PLA kuwa yana fara laushi tun wajen digiri 60, ba ya jure zafin wannan aiki sai an cika cikinsa ko an kwafe shi da wani abu mai tauri.

Bangon samfurin kada ya miƙe tsaye cak. A ba shi karkata ta digiri 3 zuwa 5, ƙasa ta fi sama faɗi, saboda roba tana tsukewa idan ta huce. Polikabonet, robar da ake yin bodin tsere da ita, takan ragu da kusan kashi 0.6 cikin 100, wanda ya isa ya sa ta cafke samfurin ta ƙi saki. Duk wani lungu da ya shige ciki, kamar ƙarƙashin bamba ko ramin taya mai zurfi, tarko ne. Ko a cike shi, ko a yi wannan sashen ya zama mai cirewa. A kowane kwari, wato gindin gilashi, layin ƙofa da ramin fitila, a huda rami siriri na milimita 0.5 zuwa 1 ya zarce har ƙasa, don iskar da ta maƙale ta samu hanya. Sannan a ɗora samfurin kan dandamali mai tsayin santimita 1 zuwa 2, ta yadda lanƙwasar da roba ke yi a gindi za ta faɗo ƙasa da layin yanka.

Sai zaɓen roba. Bodin da ake sayarwa na tsere da polikabonet ake yin su, wadda aka fi sani da sunan Lexan, kaurin milimita 0.7 zuwa 1, don tana shan karo ba ta fashe ba. Amma ita ce mafi wuyar sha'ani. Muna ba da shawara da babbar murya a koyi hannu da robar da ake kira PETG, wadda take laushi tsakanin digiri 120 da 160, ba ta kuma cika neman a busar da ita ba. Wata robar mai suna HIPS ma tana da araha da sauƙin gashi, sai dai ba a ganin cikinta, kuma tana tsagewa a karo. Da su ake gano laifin samfuri kafin a taɓa falle mai tsada.

Polikabonet tana shan laimar iska. Idan aka gasa ta haka, ruwan da ke cikinta ya zama tururi, fallen ya cika da ƙananan kumfa tamkar ƙuraje, kuma babu gyara. Maganin shi ne a ɓare ledar da ke jikinta, a busar da ita a digiri 120 na awa 1 zuwa 2 ga falle mai milimita 1, a jera fallayen ba tare da sun taɓa juna ba, a kuma yi aiki da su nan take, musamman da damina. Gashin kansa yana tsakanin digiri 180 da 210. A zuba ido: da farko fallen zai yamutse, sai ya miƙe ya ɗaure, sannan tsakiyarsa ta fara lotsawa ƙasa. Wannan lotsawar ce alama. Daga nan daƙiƙu kaɗan ne a hannu, domin da zarar ta sauko kusa da digiri 150 ta sandare. Don haka injin zuƙa yana kunne tun kafin a buɗe obin, akwatin yana dab da shi, safar hannu tana hannu, samfurin kuma an riga an ɗumama shi. Samfuri mai sanyi yana daskarar da robar a inda ta fara taɓawa, ya bar layi a rufin motar.

Kowane laifi yana faɗin dalilinsa. Kusurwa ta fito a dunƙule, zafi bai isa ba ko iska tana yoyo a bakin firam. A manna soson roba a zagaye. Roba ta ninke ta yi fiffike a kusurwa, zafi ya yi yawa ko fallen ya fi samfurin girma da nisa. Ƙananan gutsattsarin katako a kusa da kusurwoyin suna janye rarar. Wani gefe ya kwanta wani ya ƙi, gashin bai daidaita ba. Abin da ya fi damunmu shi ne sirancewa: rufin da ya fara taɓa samfuri yana riƙe kaurinsa, gefuna da bamba su ne suke miƙewa, alhali su ne masu shan duka a fili. Idan samfurin yana da tsayi, a ƙara kaurin falle.

A nan ne batun zuƙa yake shigowa. Injin share ƙura na gida yana ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin da iska za ta iya bayarwa. Ya ishi PETG da HIPS marasa kauri. Polikabonet tana son famfon zuƙa da tanki da bawul mai faɗin baki, a kwashe iskar tankin tukuna, a buɗe bawul ɗin gaba ɗaya lokaci guda.

Bayan an cire bodin daga samfurin, a ja layi da wuƙa mai kaifi a lanƙwasa ya ɓalle, ramin taya kuma da almakashi mai lanƙwasa. A wanke ciki da sabulun wanke-wanke ya bushe. Fenti daga ciki ake yin sa, launi mai duhu kafin mai haske, kuma da fentin da aka yi domin polikabonet, irin jerin PS na kamfanin Tamiya. Fentin da aka yi domin roba mai tauri yana ɓarewa a karon farko.