Alawa mai rawa, da yadda faransancina ya yi rana a Legas

Ni ɗan Maraɗi ne, na shigo Legas farkon 2022 ta hanyar da kowa ke bi, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano, daga nan na hau bayan motar albasa har kasuwar Mile 12, sai da na yi kwana uku ina warin albasa ko bayan wanka. Niyyata acaɓa, mu can kabu-kabu muke cewa, to ban ma gama gane hanyoyin Ikeja ba gwamnati ta hana babur a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin shekarar, Ikeja na ciki, shikenan kawuna da ke Agege ya ce ajiye wannan mafarkin ka zo ka riƙe min tebur. Yana da ɗan kes a bakin get ɗin wata unguwa wajen Ogba, kusa da wata firamare ta kuɗi, nan na zauna har yau.

Watannin farko wlh na sha wuya. Turanci babu, Yarbanci babu, ko Hausar ma in na ce "tahiya" ko "hita" sai 'yan Kano su kwashe da dariya. Kuɗi kuma wani rikici ne, mu in an ce jika sefa 1000 ake nufi, dala kuma sefa 5, nan wani tsoho ya ce min jaka naira 200 ce, kai ranar sai da na ɗauko biro. Kowa aboki yake kirana, tun ina jin haushi har na zo ina amsawa.

Kayan tebur ba wani abu ba ne, biskit, cingam, Tom Tom, baba dudu, sabulu, maganin sauro. Mu a gida bombo muke ce wa alawar leda, ta gaske kuma ita ce alawar madara da kantun riɗi da mazarƙwaila. To in an tashi makaranta sai yaran nan su yanyame ni suna aboki gomi, aboki gomi, ni ko na ɗauka goma suke cewa. Ashe wata alawa ce mai laushi, launi-launi, siffar ɗan beyar, kuma duk sun haddace wata waƙar kwamfuta ta wani koren beyar mai tsalle da suke kallo a wayar iyayensu, a Jamus aka yi ta. Kawu ya je kasuwar Oke Arin a cikin Ailan, wato tsibirin Legas, ya ɗauko katan guda. Ranar da na fara sa ta a baki na ce wannan ai robar silifa ce aka zuba wa suga, ka tauna ta dawo, ka tauna ta dawo, amma kafin sati na zama ni ne babban kwastoman kaina.

Wata rana ana ruwan nan na Legas da ba ya jin bari, babu ciniki, sai na juya bayan ledar don kawai in kashe lokaci. Sai na ga rubutun da Faransanci ne, ka san kaya da yawa ta Kwatano suke shigowa. Na yi lekol, wato boko, har aji huɗu na kwaleji kafin na faɗi jarrabawar birebe, tunda na zo ƙasar nan kuwa karatun bai taɓa saya min ko ruwan leda ba. Ina bin layi, suga, siro, sai ga shi ɓaro-ɓaro, gélatine de porc. Porc fa. Alade.

Gabana ya faɗi, na fara lissafin leda nawa na ci, na fara tuna 'ya'yan Alhazan unguwar da na miƙa wa da hannuna. Kawu da na faɗa masa salati kawai yake yi yana cewa kai yaro ka tabbata, na ce Kawu ko cikin barci aka tashe ni na san wannan kalmar. Bayan isha'i muka samu liman a masallacinmu na Agege, ya ce abin da mutum ya ci bisa rashin sani babu laifi a kansa, ya ce malamai sun yi saɓani kan abin da aka sarrafa har ya rikiɗe ya zama wani abu daban, amma shi shawararsa mu bar abin da ke da kokwanto. Sauran katan ɗin da ƙyar da magiya dilan ya karɓa ya musanya mana da biskit, da asara dai amma ba duka ba.

Daga nan abin ya shige min rai, duk dare in sa data ina karatu. Ashe jelatin ɗin nan ba baƙonmu ba ne. In an yi farfesun ƙafar sa ya kwana lokacin ɗari, da safe ka ga romon ya daskare yana rawa, to shi ne. Daga fata da ƙashi yake fita, ganda da Yarbawa ke kira ponmo, wadda ake babbakawa a mayankar Oko-Oba nan kusa da mu, cike take da shi. Kamfani kawai jiƙawa suke su dafa su tace su busar ya zama gari, kuma a Turai mafi yawansa daga fatar alade ne. Zafi kaɗan ke narkar da shi, bai ma kai ɗumin jikin mutum ba, shi ya sa yake narkewa a baki, shi ya sa kuma in na manta leda a rana 'yan beyar ɗin su haɗe su zama curi ɗaya. Wanda ya fara yin su wani Bajamushe ne Hans Riegel, ya buɗe kamfanin alawa na Haribo a garin Bon a 1920, ya fito da beyar ɗin a 1922, yanzu suna da masana'anta a Turkiyya da ke yi da jelatin shanu, da tambarin halal a jiki. Akwai kuma masu daskarewa da agar na ciyawar teku, ko pektin na ɓawon lemo da tufa. Wanda ya fi ba ni dariya a jerin kayan haɗin bayan leda shi ne E414, na yi ta tunanin wani mugun sinadari ne, ashe ƙaro ne, ƙaron da muke ɓamɓarowa a jikin dakwara muna yara, wanda ake sa wa tawadar allo. Sudan da Chadi da Najeriya ke tura wa kamfanonin waje shi, su dawo mana da shi a leda mai ƙyalli.

Labari ya zaga. Masu tebur na layinmu suka fara kawo min leda in duba, wata Hajiya a unguwar da maigidanta ke yawan zuwa Kwatano ta karɓi lambata, sai dai in ga hoton bayan kwali a WhatsApp da "ɗana duba min wannan". Ranar bikin zagayowar haihuwar jikarta ta aiko min da wani jan abu a kofi, ka taɓa shi ya hau karkarwa kamar mai zazzaɓi, ta ce jeli ne, ka ci hankali kwance da garin agar na yi. Sanyi, zaƙi, ka sa cokali ka haɗiye ka rasa me ka ci, gaskiya ni dai a ba ni fura. Wani ɗan Damagaram ya fara kirana mushe, haka muke kiran malamin lekol a can, 'yan Najeriya kuwa suka ce to ga mushe mai gano mushe, sunan ya bi ni.

Kusa da kes ɗina akwai wani Bayarabe mai cajin waya, ƙarshen sati yana DJ a wajen biki, da an kawo wuta sai ya hau gwada sifika. A bayan laftof ɗinsa akwai sitika ta wani mai farin bokiti a ka, idanu kamar an yi kuros, ya ce Marshmello ke nan, Ba'amurke, sunan wata farar alawa mai taushi kamar auduga ya ɗauka. Na ce to ita ma yawanci da jelatin ake yin ta, kawo ogan naka in duba bayansa, ya yi dariya har yana dukan benci. Ni kiɗan bai shige ni ba, babu kalangu babu gurmi babu wanda ake wasawa, injin kawai ke tsalle kamar alawar, ya ce aboki ba ka waye ba, na ce na ji.

Sai lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba shiga ba fita har watan Maris na 2024, ga wutar da Najeriya ta yanke wa ƙasarmu, in na kira gida sai a ce waya babu caji. Wani dare ina zaune shiru ya saka wani kiɗa mai sanyi, ya ce waɗannan Lemon Jelly ne, wasu mutum biyu 'yan Landan da suka fara a 1998, jelin lemon tsami ke nan, na ce ku dai ba ku da suna sai na kayan zaƙi. Amma yadda sautin ke zagayawa yana dawowa a hankali sai ya kai ni tsakar gidanmu, gaban tele, ana jiran labarai. Na ce tsaya, mu ma muna da namu. Na karɓi wayarsa na nemo Mamman Sani, mai kiɗa da ogan, wato irin piyano na lantarki, da ya yi kaset tun 1978, wanda gidan rediyo da telen Nijar suka daɗe suna sa kiɗansa tsakanin shirye-shirye. Ya saurara bai ce komai ba, ya sake sakawa, can ya jawo laftof ya ɗora masa gangar amapiano a ƙasa. Ya ɓata shi kam, na faɗa masa ya ɓata shi, amma na ce tura min, shi ne a wayata in an kira ni har yanzu.

Da aka buɗe iyaka na samu direba ɗan garinmu na aika wa Inna tsaraba, atamfa da man zafi da leda uku na 'yar Turkiyya mai tambarin halal don ƙannena. Bayan kwana huɗu ta turo murya ta wayar ƙanena, ta sa albarka ta yi addu'a mai tsawo, sannan ta ce amma alawar nan da ka aiko ba ta dahu ba, in ka koma wurin mai ita ka faɗa mishi ya ƙara mata wuta.