Daren da Algol ya dusashe a idona

Jiya aka ɗauke wuta sai na shimfiɗa tabarma a tsakar gida ina kallon tauraron nan Algol, wanda Larabawa ke kira Ra'asul Gul. Wallahi kafin ƙarfe 1 haskensa ya ragu sosai, har na ɗauka hazo ne, ashe taurari biyu ne ke zagaya juna, duk kwana 2 da awa 21 mai duhun sai ya gifta gaban mai hasken na kusan awa 10. Daga tsawon lokacin nan da yadda hasken ke faɗuwa ake lissafa girmansu da zafinsu, ba wanda ya je can da ma'auni fa! John Goodricke, wani kurma ɗan shekara 18 a Ingila, shi ya gano duk kwana nawa hasken ke dusashewa, ya kuma yi hasashen cewa wani abu ne ke gifta gaban tauraron, tun 1783. Ni dai sauro ya cinye ni.