Yadda na nemi tallafin karatun digiri na biyu a injiniyanci

Shekara biyu na shafe ina neman tallafin karatun digiri na biyu a fannin injiniyan lantarki kafin Allah Ya nufa na dace, kuma har yanzu ban manta da karon farko ba, lokacin da wa'adi ya cika alhali takardar sakamakona tana kwance a wani ofishi tana jiran sa hannu. Ranar na fito daga shagon intanet riƙe da ambulan ɗin takarduna, hawaye na neman zubo mini.

Daga baya na gane cewa kowace ƙofa da sharaɗinta. Asusun PTDF, wato asusun gwamnatin Najeriya na bunƙasa fasahar man fetur, wanda aka kafa a 1973, ya fi karkata ga fannonin mai, iskar gas da makamashi, yayin da TETFund, wato asusun tallafa wa ilimi mai zurfi, ke ɗaukar nauyin karatun malaman manyan makarantun gwamnati. Chevening kuwa, wato tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, tana buƙatar ƙwarewar aiki ta shekara 2, sannan dole mutum ya koma ƙasarsa bayan kammalawa.

Hanyar da ta ɓulle mini ita ce wadda na fi rainawa. Wani malamina ya ce, "Ɗana, ka rubuta wa farfesoshi kai tsaye, domin a Amurka sau da yawa daga kuɗin bincikensu ake biyan ɗalibi." Na zauna na karanta maƙalolin wata farfesa kan adana wutar rana, na rubuta mata wasiƙa gajera ina bayyana aikin da na yi a kan batura, kuma bayan mako 3 ta amsa tana neman mu tattauna.