Sai da na miƙa ma mutane buhu a hannu sannan na gano inda bidiyona ya gurgunce

Wancan zangon karatu malaminmu na darasin yaɗa dabarun noma ya ba mu dabuwa, kowa ya haɗa gajeren bidiyo da Hausa wanda zai koya ma manomi abu guda, kuma ya ce ba zai amsa ba sai mun nuna ma mutanen da aka yi shi dominsu, mun ji ta bakinsu, mun koma mun gyara. Noma nake karanta a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maradi. Ni na zaɓi buhun PICS, buhun nan mai ninki uku da ake aje wake ciki ba magani, don a gidanmu na sha ganin yadda wake ke lalacewa, ka zuba shi lahiya lau bayan girbi kafin wata uku ka buɗe ka tarar duk ya huhhuje ya koma gari yana wari, ga shi kuma na san gidajen da ake jefa ƙwayar maganin nan mai hayaƙi cikin abin da yara za su ci. Abin na damuna ƙwarai.

Ga wanda bai san buhun ba, daga jami'ar Purdue ta Amurka dabarar ta hito, an fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007, kuma masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, na nan Maradi sun yi aiki sosai a kanshi. Leda biyu ne masu kauri ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa daga waje. In aka ɗaure da kyau ƙwarin da ke ciki su ke shanye 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci su daina haihuwa su mutu. Shi ya sa duk aikin a ɗauri yake, kowace leda a murɗe bakinta a lanƙwasa a ɗaure ta ita kaɗai, sannan ta biyu, sannan buhun waje.

Na ɗauki bidiyon a bayan gidan Kawuna a wani ƙauye kan hanyar Tibiri, cikin Disamba, iskar hunturu na kaɗawa, abokina na riƙe da waya. Na kwana uku ina montaj a CapCut, na sa kiɗa, na sa rubutun Faransanci a ƙasa, a farko kuma ga ni tsaye minti ɗaya da rabi ina gabatar da kaina da tarihin buhun. Ya hito minti 9 da 'yan daƙiƙu. Na nuna ma 'yan kalas ɗinmu suka ce ya yi kyau wallahi, wani ya ce in canza launin rubutu. Na tura gurup ɗin danginmu a WhatsApp, sai addu'a ke shigowa, Allah ƙara basira, Allah sa a gama lahiya. Na ji daɗi, na ɗauka na gama.

Da na kai ma malam ya tambaye ni wa na nuna ma, na lissafa mishi, sai ya ce cikinsu wa ke da wake a ɗaki? Na yi shiru. Ya ce, ɗana, Bahaushe ba zai dubi idonka ya ce aikinka bai yi ba, kara ba za ta bar shi ba, kada ka ƙara tambayar kowa ko ya gane, ba shi buhu da igiya ka koma gefe ka zauna.

Haka na yi. Na sayi buhuna, na ari wake wajen Kawu, na samu mutum shida, maza huɗu mata biyu, kowa ya kalla sau ɗaya shi kaɗai sannan in miƙa mishi kaya in ce bismilla a yi yadda aka gani. Ni kuma ina gefe da kaye da biro ina rubuta inda hannu ya tsaya. Babu abin da ya kai yin shirun nan wuya, kana ganin dattijo zai kuskure bakinka na ƙaiƙayi, amma da ka buɗe baki ka ɓata gwajin don ranar da bidiyon zai shiga wayar wani a Madarounfa ko Dakoro ba ka nan balle ka gyara mishi.

Mutum huɗu cikin shida suka haɗa bakin leda biyu da buhun waje suka ɗaure da igiya ɗaya. Jikina ya yi sanyi, don wannan shi ne ainihin abin da bidiyon ya zo hanawa. Da na koma na duba sai na ga laihina ne, a wurin ɗaurin, waya na nesa, gwiwata ta kare hannuwana, kuma da nake montaj na ga kamar maimaici ne in nuna ɗauri har sau uku sai na sa ma wurin gudu ya wuce cikin daƙiƙa biyar. Ni da na san abin ban ga giɓin ba, idona na cike shi da kanshi. Ba ko mutum ɗaya da ya duba leda ko ta huje kafin ya zuba wake, alhali na faɗa, sai dai na faɗe shi daidai inda iska ta bugi waya kiɗa kuma na tashi. Rubutun Faransancin da na ɓata dare a kanshi kuwa ba wanda ya ko kalle shi.

Matan nan biyu ba su ce mini komi ba sai an gode. Sai da ƙanwata ta zauna da su cikin gida sannan magana ta hito, ita ta kira ni. Innata, ɗaya daga cikinsu, ta ce, ɗan nan, wannan oksijan da kake ta faɗi mene ne shi? Na fara bayani irin na kalas, ta tsayar da ni ta ce to ka ce ƙwaro ma numfashi yake kamar mutum, in ka toshe mishi hanci ya mutu, shi ke nan. Wannan maganar tata ita na sa a bidiyon yadda ta faɗe ta, ban ƙara ko kalma ba, kuma har yau ban samu bayanin da ya kai shi ba.

Kawu shi kuma wani abu daban ya gani. Ya ce bakinka ya ce a ɗora buhu kan katako nesa da bango saboda ɓera da laima, amma buhunka na cikin hoton a ƙasa yake jingine da bango, to wanne za mu bi? Gaskiya ne, mutane abin da ido ya gani suke bi. Wani dattijo ya ƙara da cewa na ce wake ya bushe sosai ban ce yadda za a gane ba, ya ɗauki ƙwara ɗaya ya ciza ta ce ƙas, ya ce ka ji, in ta lotsa ba ta yi ƙara ba a mayar da shi rana. Na roƙe shi ya sake cizawa na ɗauka.

Ba duk abin da aka ce na bi ba fa. Wani saurayi ya ce in ƙara kiɗa, wani ya ce in yi maganar farashin wake lokacin bazara, Kawu ya so in haɗa da hatsi da masara. Duk na rubuta amma na bar su, don da na zuba su ciki da mun koma minti goma sha. Abin da na riƙe shi ne kuskuren da na gani a hannun mutum fiye da ɗaya dole in gyara, abin da kuma sha'awar mutum ce kawai in yi godiya in wuce. Malam ya taɓa kawo mana binciken da aka yi a 2014 kan bidiyoyin darussan edX, wani dandalin karatu ta intanet, inda aka ga masu kallo na fara janyewa in bidiyo ya wuce minti 6, to in ɗalibai masu kwamfuta haka suke ina ga manomin da batirinshi ya kusa mutuwa kuma sai ya biya kuɗi a yi mishi caji.

Na koma ƙauyen da sassahe kafin iska ta taso. Wannan karon hannu kawai muka ɗauka, abokina ya tsaya bayan kafaɗata yadda mai kallo zai ga hannun kamar nashi ne, dama na dama hagu na hagu. Ɗauri uku na bar su da tsawonsu ba gudu, ina ƙirgawa da baki, ta farko, ta biyu, na waje. Gwajin leda ma na nuna shi a hili, a cika ta da iska a riƙe baki a matsa a saurara. Murya ban ɗauke ta a waje ba, da dare na rufe ɗaki na lulluɓa da bargo na karanta, sannan na jera hotuna a kanta. Kiɗa na cire, rubutu na cire in ban da lamba 1, 2, 3 manya a kusurwa. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke mini ana tsakiyar hidda bidiyon waya ta mutu, Allah ya sa na aje kwafi a karti memuwar.

Gabatarwar nan tawa ita ta hi yi mini ciwo wajen yankewa, don a nan ne nake jin na nuna na yi karatu. Na yanke ta duka, bidiyon ya fara kai tsaye da tafin hannu biyu, ɗaya wake mai kyau ɗaya hujajje. Da Kawu ya gani ya girgiza kai ya ce haba, ka faɗo ma mutane gida ba sallama? Ya yi gaskiya, na wuce gona da iri. Na mayar da sallama da gaisuwa ta daƙiƙa goma, fuskata ta hito sau ɗaya ta tahi. Duka ya tsaya minti 4 da daƙiƙa 40. Na hidda shi a 480p don ya yi sauƙin turawa ta Xender ko Bluetooth ba sai an ƙone mega ba, kuma na gwada shi a 'yar ƙaramar wayar Inna mai lasifika mai kaushi, ba a tawa ba.

Gwaji na biyu ban koma wajen mutanen farko ba tunda sun riga sun san amsa. Na nemi wasu sabbi biyar nan cikin gari, uku masu tuyar ƙosai ne a unguwar Zariya da ke sayen wake da buhu lokacin da yake araha. Dukansu suka yi ɗauri uku ɗaya bayan ɗaya, huɗu suka duba leda. Amma wata baiwar Allah ta bar iska dam a saman waken ta ɗaure hakanan kamar balan-balan, na duba na ga wurin matse iskar daƙiƙa biyu kawai na ba shi, dole na sake komawa na ɗauko hannu na danna leda tun daga kan wake har sama kafin a murɗe. Wannan karo na uku ke nan da na buɗe montaj ɗin da na ce na gama.

Na miƙa ma malam bidiyon tare da kayen da na cika da rubutu, ya hi daɗewa kan kayen. Buhun da muka ɗaure ran ɗauka ta ƙarshe yana ɗakin Kawu kan katako, na roƙe shi kada a buɗe sai gab da damina in na zo da waya, ina so in ɗauki buɗewar a gaban mutanen nan shida na farko in liƙa ta a ƙarshen bidiyon.