Abin da tsofaffin kwamfutoci suka koya mani a shago

Aikina gyaran kwamfuta da waya ne a nan Yamai, amma jefi-jefi ana kawo mana tsofaffi irin Commodore 64 ko Amiga 500, wani cikin kayan mahaifinshi ya gani, wani a kasuwar Katako ya tsinto. Abin da na lura, injin ɗin sau da yawa yana tashi, disket ce ke mutuwa. Zafin garin nan da ƙurar hunturu ba su ƙyale ta, kana sa ta sai ƙara kirr kirr, kan da ke karatu ya kwaso datti.

Yanzu kam akwai mafita. Commodore 64 ya fito a 1982, disket ɗinshi wajen 170 KB take ɗauka a gefe guda, amma in ka jona mashi SD2IEC, wata ƴar na'ura da ke maye gurbin na'urar disket, sai ya karanta kart memuwar irin ta waya. Sai dai akwai wasannin da ke ƙin tashi, don na'urar disket ta asali wato 1541 tana da nata ƙwaƙwalwa 6502 a ciki kuma SD2IEC ba ta kwaikwayonta, nan Pi1541, shirin da ke kwaikwayon 1541 ɗin, da ake ɗorawa kan ƴar kwamfutar Raspberry Pi ta fi. Amiga kuwa Gotek ake sa mata a madadin na'urar disket, da shirin FlashFloppy a ciki, ka zuba fayilolin ADF, wato kwafin disket, a kile shikenan.

Internet Archive, wata ma'ajiyar littattafai a intanet da aka kafa tun 1996, ta taimake ni sosai wallahi, littattafan injunan da zanen cikinsu da tsofaffin mujallu duk suna can kyauta.

To amma galibi na Turai da Amurka ne, namu babu, kuma wannan shi ya fi tsaya mani a rai. Wani dattijo tsohon malamin lakkol ya zo da kwalin disket na Amiga, ciki har da ɗan shirin da ya rubuta da hannunshi a yaren kwamfuta na BASIC na lissafin makin ɗalibai, shi dai so yake a kunna ya gani. Na ce Baba ku yi haƙuri mu kwafe tukuna, don tsohuwar disket wani lokaci karatu guda ya rage mata. Da Greaseweazle, na'urar da ake kwafe tsofaffin disket da ita, muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ina goge kan da alkol duk bayan disket, wasu sun fito tsaf wasu rabi. Na ajiye mashi a kile, na kuma roƙi ya bar jikanshi ya riƙe kwafi a wani gidan daban.